Minti Talatin da Biyar

Rogo, 9 ga Maris

Yaya Bara'atu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya zafi?

Albishirinki, ƙanenki ya samu aiki. Wata ƙungiya ce ta ɗauke ni, ina hawa babur daga kowane ƙauye zuwa asibitin Rogo, in rubuta mintin da na ci. Duk ƙauyen da ya haura awa guda za a ajiye masa motar ɗaukar marasa lafiya.

Jiya na auna namu. Na ratsa ta rafin nan na bayan Gwangwan, yashi ne zalla, minti talatin da biyar cif! Yaya Sulle ya ce in zagaya ta gada, wai ita ce hanyarmu da damina. Kin san shi da ƙorafi kamar tsohuwa. Na ce masa ni ba na yi wa takarda ƙarya.

Ki gaida kowa.

Ƙanenki,
Hadi

Rogo, 21 ga Agusta

Yaya Bara'atu,

Ina gaisuwa. Yaya ƙarin haƙurinmu? Ina fatan kin koma gida lafiya.

Akwai abin da na kasa faɗa miki a zaman makoki. Ƙauyenmu bai samu motar ba, saboda lissafina ya sa shi cikin na kusa.

Ranar da kububuwa ta sari Yaya Sulle a gonar gyaɗa, da hantsi ne. Ni na goya shi a babur, Nasiru maƙwabcinmu ya riƙe shi ta baya. Muka tarar rafi ya kawo, ko saniya ba ta iya ƙetarewa. Dole muka zagaya ta gada cikin taɓo. Yaya, ina jin kunyar faɗa, amma hannuna ya saba, sai da na duba agogo. Awa biyu da minti goma. Tun kafin mu shiga gari na ji kansa ya yi nauyi a kafaɗata.

Na san kwana ne ya ƙare. Amma ai ya faɗa mini, ni kuwa na yi masa dariya. Wannan ne yake cin raina.

Na je ofis na roƙi a gyara. Suka yi mini ta'aziyya, suka ce gurbi ɗaya ne a takardar, ba a ware na rani da na damina ba, sai an sake awo. Na tambayi yaushe. Wai watan Maris.

Ki yafe mini, ki sa ni a addu'a.

Ƙanenki,
Hadi