Takalmin da Ya Tsinke a Matakala ta Ɗari Uku

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara da gwiwar nan taki mai ƙorafi.

Ki taya ni murna, Allah ya ba ni miji mai hangen nesa. Injiniya ya yanke cewa ranar Asabar za mu hau dutsen tsohuwar hasumiyar nan da ake bugawa a kalanda, matakala ɗari bakwai, da jaririya 'yar wata tara. Don kada mu wahala, ya sayo keken tura jarirai mai laima da birki, har da wurin ajiye kofi. Keke fa, Yaya, a matakala. Ni da na tsaya a aji uku na sakandare, ina ni ina gardama da mai ilimi?

Amma bari in ajiye wasa. Kin san yana can wurin aikin gada a ƙasar waje aka haifi yarinyar nan. Sati uku ke nan da dawowarsa, ko yatsansa ba ta yarda ta riƙe ba. Da ya leƙo falo sai ta murtuke fuska, shi ya sa muke ce mata Alƙaliya. In ya miƙo hannu kuwa, ta tsala ihu kamar an kama ɓarawo a layinmu na 'yan takalma. Jiya na ga takardar kamfaninsu a kan firij: suna so ya koma shekara biyu, amsa ranar Litinin. Da na tambaye shi sai ya ce, "Can ko ƙarfe ya san hannuna." Na yi dariya, amma maganar ta tsaya mini a rai.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki, Auta


Auta,

Wasiƙarki ta iso, ina fatan kuna cikin ƙoshin lafiya.

Shekara ashirin ina aikin jinya a ɗakin yara, ban taɓa ganin jaririn da ya saba da hannun da ba a bar shi a ciki ba. Ranar da na zo yi wa Injiniya sannu da zuwa na gani da idona: yarinyar tana buɗe baki kike fizge ta. Ki rage yi masa ba'a, mutum ne mai kunya. Ku ɗauki ruwa da hula, ke kuma ki sa takalmi mai ƙwari.

Allah ya kai ku lafiya.

Yayarki


Yaya mai faɗar gaskiya ba sukari,

Ina gaisuwa. Mun je, mun dawo, ba wanda ya mutu.

A gindin dutse mai sayar da tikiti ya dubi keken, ya dubi Injiniya, ya ce, "Yallaɓai, wannan yana tashi sama ne?" Mutuminki ya ƙi barinsa, ya naɗe shi ya saɓa a kafaɗa. Ni na goya Alƙaliya. Haka muka kama hanya, kowa da goyonsa.

A matakala ta ɗari uku, don an rubuta lambobin da fenti, takalmina ya ce fat, ya tsinke. Irin mai igiya ruwan zinaren nan da nake rantse wa mata masu saye cewa sai sun gaji da shi. Dutse ya ɗauki zafi kamar kasko, gefe kuma rami. Na zauna na ce, "Ba zan taka wurin nan ƙafa ɗaya da goyo ba. Karɓi 'yarka."

Ya ce, "Za ta yi kuka."

Na ce, "Ai maƙogwaronta ne."

Wata tsohuwa mai sayar da ruwa ta karɓi ajiyar keken, ta ɗaura masa yarinyar a ƙirji da zanen goyona, tana cewa, "Saki jikinka, ɗana, ba bom ba ce." Ihu kuwa, Yaya, har tsuntsayen hasumiya sai da suka watse. Hannuna ya yi ta ƙaiƙayin fizge ta, na cusa shi a hammata. Ina biye da su a baya, ina jin yana ƙirga mata matakala da wata murya da ban san yana da ita ba. Wajen ɗari huɗu da hamsin kukan ya koma shessheƙa. A ɗari shida ta damƙe gemunsa. Kafin mu kai sama ta yi barci, yawu ya jiƙe masa rigar fitarsa.

Mai jagora yana ta kwararo tarihin waɗanda suka gina wurin, sai Injiniyan da ya zo don tarihi ya ce masa, "Malam, rage murya, tana barci." Ya ƙi zama don kada ta farka. Awa guda yana tsaye kamar turken fitila.

Yau Litinin. Takardar tana nan kan firij, kwalbar madara a kanta. Shi kuwa ya fita ganin abokinsa mai shagon walda, da Alƙaliya a ƙirji. Keken kuwa mun manto shi wurin tsohuwa.

Taki, Auta


Auta,

Bayan gaisuwa, na yi farin ciki ƙwarai. Sai dai abu biyu sun ɗaure mini kai. Shekara goma sha biyar kina sayar da takalmi, da ido kike gane wanda ba zai kai sati ba, kuma na ce ki sa mai ƙwari. Me ya kai ki dutse da wancan? Na biyu, da me kika ƙarasa hawan, kika kuma sauko matakala ɗari bakwai a kan dutse mai zafi?

Ki shafa mini kan Alƙaliya.

Yayarki


Yaya,

Gaisuwa a gurguje, masu saye suna jira. Injiniya ya rubuta wa kamfaninsu ba zai koma ba, ya fara aiki a shagon walda.

Zancen takalmi kuma, Allah ne ya taimake ni: uba da 'ya suna shan kwana a gabana, na sa hannu neman ruwa, sai ga takalmina kambas a ƙasan jakar yarinya. Ke da kika raini yara huɗu, wace uwa ce ta san duk abin da ke cikin jakar jariri?

Ƙanwarki mai biyayya, Auta