Shafi na Tamanin da Uku

Limawa, Dutse
4 ga Maris, 2001

Ɗanladi,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali.

Littafinka ya iso, na karanta sau biyu. Ya yi kyau, kuma abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ni na fara ba ka irin waɗannan littattafai masu nauyi, waɗanda ba biki a ƙarshensu sai makabarta. Da ake cewa a tattara su a ƙona, ni na tsaya a ɗakin malamai na ce gaskiya suke faɗa.

To, mahaukaciyar da ta faɗa rijiya a littafinka ƙanwarmu Ikilima ce. Ka sauya mata suna, ka bar mata cindonta da tsamiyar ƙofar gidanmu. Wannan na haɗiye. Amma a shafi na tamanin da uku ka ce yayarta ta ƙi yi wa gawar wanka. Yayye mata nawa Ikilima take da su? Ni na wanke ta, ni kaɗai, Inna ta kasa shiga ɗakin. Kai kana Zariya kana jarrabawa.

Yayarka,
Hassana

Zariya
19 ga Maris, 2001

Yaya Hassana,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. Ya Inna da jiki?

Yaya, ke kika koya mini cewa ƙagaggen labari ba tarihi ba ne. Da na bar yayar ta yi wankan, da mai karatu ya samu sauƙi, ni kuwa ba na so ya samu. Kuma wa zai karanta shi a Limawa? Ki yi haƙuri.

Ƙaninki,
Ɗanladi

Limawa
2 ga Afrilu, 2001

Ɗanladi,

Assalamu alaikum. Inna da sauƙi.

Wa zai karanta? Bilki ta gidan Baffa, wadda ta gama sakandare bara. Ka manta cewa a Limawa mutum ɗaya ke riƙe littafi, mata goma na sussuka suna ji. Makon jiya aka yi rasuwa a unguwarmu. Shekara goma sha biyu ni ake aiko wa in yi wankan gawa, wannan karon aka kira wata. Wata tsohuwa ta ce, "Ai Malama ba ta son taɓa irin waɗannan, a littafi ma an rubuta."

An ce in kai ƙararka wurin malaman addini a hana sayar da shi. Ba zan yi maka wannan gatan ba, sai ka zama jarumi a Zariya. Inna ce kaɗai ba ta ji ba. Ranar Juma'a zan tara matan, in zaunar da ita, in karanta daga bango, inda sunanka yake. Ba ka son mai karatu ya samu sauƙi? Ba wanda zai samu.

Hassana

Zariya
4 ga Afrilu, 2001

Yaya,

Don Allah kada ta ji daga bakinki. Na ba direba wannan ya kawo miki hannu da hannu. Ina tafe. Ni zan karanta, in faɗa musu wanda ya yi wankan.

Ɗanladi

Limawa
5 ga Afrilu, 2001

Ɗanladi,

Allah ya kawo ka lafiya. Juma'a bayan la'asar, a ɗakin da na wanke ta. Ba tsallake layi, littafina na hannuna ina bin ka.

Hassana