Shuɗin da Ya Fito daga Bindigar Babanku

Fresno, 18 ga Agusta

Zuwa ga ɗana Leng,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da matarka Kia da jikata Nalee. Yaya aiki? Ina fata sanyin Minnesota bai fara ba tukuna. Mu nan zafi har kwalta na laushi. Ƙafata da sauƙi, kada ka damu.

Ka yi haƙuri da layina da ke karkacewa. Malamar ajinmu na manya ta ce hannun da ya shekara hamsin da takwas yana tsinkar wake ba zai miƙe a shekara biyu ba. Na zaɓi takarda ne saboda wayar tana falo kusa da kujerar babanku, maganar kuma tasa ce.

Leng, babanku ya zauna. Kwana tara ke nan bai taka gona ba. Dogon wake ya tsufa a jikin igiya, ni kaɗai ba na iya cim masa.

Ka san tun bara aka hana harsashin dalma a duwatsunmu, saboda manyan ungulayen nan da ke cin kayan cikin dabbar da aka harba suna mutuwa. Ya koma na jan ƙarfe zalla, bai yi musu ba. Abin da ban faɗa maka ba shi ne, bara ya harbi barewa ya same ta a cinya. Suka bi jini har yamma ba su gan ta ba. Ya yi sati bai ci nama ba. Ya ce shi bai taɓa barin dabba ta tafi da ciwo ba.

Asabar ta wancan makon suka je filin gwada harbi da ƙaninsa Chai Pao. Babanku ya harba biyar a takardar gwaji. Ɗaya a sama, ɗaya a gefe, ɗaya ma ba a ga inda ya bi ba. Ka san bakin baffanka. Ya ce, "Yaya, takardar kake nema ko sauro? Ka faɗa mana mu kwanta a ƙasa." Wai babanku ma ya yi dariya. Amma da ya dawo sai ya ce da ni, "Maman Leng, idona ya ƙare." Na tuna masa likitan ido ya ce da tabarau ganinsa lafiya lau. Ya ce likita bai taɓa harbin komai ba.

Ya ce zai ba Chai Pao bindigar kafin a buɗe farauta, Asabar ta uku a Satumba. Ba don nama nake kuka ba, nama yana kanti. Ka tuna maƙwabcinmu Nao Yeng? Ranar da ya ajiye makullin mota ya zauna a irin kujerar nan, bai kai bikin sabuwar shekara ba. Babanku farautar dutsen nan ce ta rage masa. Duk shekara tun Yuli yake lissafin kwanaki. Bana ko kalanda bai duba ba.

Ka gaya mini abin da zan yi. Kada ka kira shi a kan wannan, zai san ni ce.

Ka gai da Kia. Ka sumbatar mini Nalee.

Mahaifiyarka,
Blia

Fresno, Asabar 5 ga Satumba

Ɗana Leng,

Ina gaishe ku duka, ina fata tarin Nalee ya tafi. Wasiƙarka ta zo. Ka ce a bar shi ya huta, ya yi shekarun da zai huta. Hutun nan ne nake tsoro, ɗana.

Ka karanta a hankali. Ina jin na kashe bindigar babanku.

Bari in fara daga farko. A ajinmu akwai Graciela, muna zama benci ɗaya. Ta ga idona ya kumbura ta matsa mini, na faɗa mata. Da mijinta Efrain ya zo ɗaukarta sai ta sa shi ya tsaya. Yana kiwon shanu a wata gona, shi ma maharbi ne. Ya tambaye ni yadda babanku ke wanke bindiga. Na ce kamar yadda aka koya masa yana soja a Laos: mai da ƙyalle a ɗaure a zare, a ja sau uku, a ɗaga wa rana. Shekara ashirin da bindigar nan, cikin bututunta yana ƙyalli kamar madubi.

Efrain ya kama kai. Ya ce, "Mama, ƙyalli ba tsabta ba ne. Kin san ƙanzon shinkafa a gindin tukunya? Ki shafa masa mai, zai yi ƙyalli, amma yana nan." Ya ce kowane harsashi yana barin ɗan jan ƙarfe a jikin bututu, na shekara ashirin yana ciki, sabon harsashin nan kuma ya zo yana ta lafta nasa a kai. In ya yi kauri, harsashi ba ya fita daidai, ko idon shaho gare ka. Graciela ta ce masa, "Kai da ba ka taɓa wanke tukunya ba, a ina ka san ƙanzo?" Ya ce ai shi yake cinyewa.

Ranar Alhamis ya aiko mini da kwalbar wani ruwa da jakar ƙananan fararen ƙyallaye. Na yi awa guda ina karanta jikin kwalbar. A jiƙa ciki, a bar shi minti goma, kada a wuce, a goge. In ƙyalle ya fito da shuɗi, akwai jan ƙarfe. A yi ta yi har ya fito fari.

Na so in ba babanku. Amma ka san shi. In ce masa shekara arba'in da biyar bai iya wanke bindiga ba? Ni da ko jakarta bai taɓa bari na ɗauka ba?

Jiya Juma'a suka tafi garin Merced jana'izar wani dattijon zuriyarsu, kwana uku za a yi. Na ce ƙafata ba za ta iya tsayuwar girki ba. Ƙarya na yi, Allah ya yafe mini. Na ɗauki makullin ma'ajiyar bindigar a gwangwanin shayi. Na zare ƙarfen da ke tura harsashi yadda na sha ganin yana yi, na leƙa sau uku na tabbata babu komai ciki. Na shimfiɗa jarida a gareji na buɗe ƙofa, don ruwan nan warinsa kamar tsohon fitsari, har ido yake sa hawaye.

Ƙyallen farko ya fito baƙi. Na biyu, Leng, shuɗi! Shuɗi mai duhu kamar rinin siket ɗin kakarku. Na zauna a kan bokiti na yi kuka, na ce ashe ba idonsa ba ne.

Sai na ɗauko buroshin da ke akwatinsa, mai gashin ƙarfe ruwan zinariya, don aikin ya yi sauri. Tun jiya nake yi. Yau ma tun safe. Ƙyallaye sun fi sittin, na jera su a jarida, duk shuɗi. Ba ya raguwa. Babu yadda datti zai kai haka. Ina ganin ruwan nan bututun kansa yake ci, ni kuma ina ta ƙara masa. Gobe da yamma zai dawo. Na kira gidan Graciela ba a ɗauka ba.

In na lalata ta, na ƙwace masa abin da shi da kansa zai bayar da hannunsa. Wannan ya fi muni. Ka yi mini addu'a, ko da wasiƙar za ta iso bayan komai ya wuce.

Mahaifiyarka,
Blia

Fresno, 9 ga Satumba

Ɗana Leng,

Gaisuwa gare ka da iyalinka. Na san waccan wasiƙar ta tayar maka da hankali, shi ya sa na yi saurin biyo ta da wannan.

Bindiga ba ta mutu ba. Lahadi bayan coci Graciela da Efrain suka zo. Ya dubi ƙyallayen, ya dubi buroshin, sai ya fashe da dariya har ya dafa mota. Ya ce, "Mama, buroshin nan tagulla ne, akwai jan ƙarfe a jikinsa. Shi kike ta narkarwa! Ko shekara za ki yi, shuɗi za ki gani." Na duba, gashin buroshin ya ƙare saura kaɗan, kamar kan baffanka. Graciela ta make shi a kafaɗa ta ce, "Dariyar me kake? Wa ya manta bai faɗa mata ba?" Efrain ya ɗauko buroshin roba a motarsa. Muka yi sau huɗu, na biyar ya fito fari tas. Ya haska fitila ciki ya ce lafiya ƙalau, don ban taɓa wuce minti goman ba. Da agogon girki nake aunawa.

Ya kuma ja mini kunne da abu ɗaya. Ya ce bututun da aka wanke haka, harbin farko da na biyu sukan kauce, sai ya ɗan sha harsashi yake nutsuwa. Kada a yanke hukunci kafin biyar.

Babanku ya dawo da yamma. Ko takalmi bai cire ba ya ce, "Me ya mutu a gareji?" Ban iya ƙarya ta biyu ba. Na kawo jaridar da ƙyallayen na shimfiɗa a gabansa na faɗa masa komai. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Kin taɓa bindigata." Na ce na taɓa. Ya ce, "Kin kawo wani namiji ya leƙa cikinta." Na ce na kawo. Ya tashi ya shiga ɗaki.

Yau kwana uku ba ya mini magana. Amma jiya da na dawo daga gona na hango shi a bayan gida, ya ɗaga bututun yana leƙa rana. Na koma da baya a hankali. Mutumin da ke fushi ya fi mutumin da ya zauna, ni dai haka na gani.

Asabar Chai Pao zai zo karɓa.

Taka,
Mama

Fresno, Juma'a 18 ga Satumba

Ɗana Leng,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Kia, ina gaishe da Nalee mai haƙora biyu. Hoton ya iso, na manna shi a firiji.

Asabar baffanka ya zo da safe yana washe baki. Babanku ya fito da jakar ya ajiye a tebur. Ni ina bakin kicin. Na ce, "Baban Leng, kyauta ba a gwada ba ai ba kyauta ba ce. Ka harba biyar, in ta ƙi, ya tafi da ita." Chai Pao ya ce, "Matar yaya, yaushe kika zama kyaftin? Na ji an ce har wanka kika yi mata." Na ce, "Na yi. Kai ma in ka tsaya zan yi maka, ka fi ta buƙata." Babanku bai yi dariya ba, amma ya ɗauki hularsa. Ni ma na ɗauki tawa na shiga bayan mota. Babu wanda ya ce in fita.

Ban taɓa zuwa filin nan ba. Suka ba ni abin toshe kunne. Takardar tana can taku ɗari, ni ɗigo kawai nake gani. Chai Pao ne ke leƙawa a madubin hange yana faɗa.

Na farko ya tafi sama, can gefen hagu. Na biyu ya sauko amma bai shiga ba. Babanku ya cire tabarau ya fara miƙewa. Leng, ban san lokacin da na riƙe masa riga ba, a gaban mutane. Na ce, "Biyar muka ce. Ni na ƙirga sittin da wani abu, kai ba za ka ƙirga biyar ba?" Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Ya koma ya zauna.

Na uku. Chai Pao bai ɗago daga madubin ba. Na huɗu, haka. Na biyar, ya ɗago kai ya ce, "Yaya, ka sake, ina jin madubin nan ya lalace." Da aka ba da izini suka je suka ciro takardar. Ramuka uku a manne da juna, murfin kwalba zai rufe su, ɗan sama da tsakiya kaɗan. Babanku ya murɗa madubin bindigar, ya bari ta huce, ya ƙara uku. Duka a baƙin tsakiya.

Chai Pao ya ce, "To yanzu kyautar tawa fa?" Babanku ya ce, "Wace kyauta? Ka kawo taka matar yayanka ta duba maka, wataƙila shi ya sa shekara goma kuregen bishiya kaɗai kake kawowa gida." Baffanka ya ce shi tasa ba ta son wanka.

Muka dawo gida. Har yau babanku bai ce na gode ba, kuma ba na jira. Litinin ya riga ni zuwa gona, ya yi ta faɗa wai na bar wake ya lalace. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba.

Yau da hantsi suka tafi dutse. Na dafa shinkafa mai danƙo, na daka barkono, na soya kaza, na ƙulla na kwana biyu. Ya ɗaga ƙullin ya auna a hannu ya ce, "Maman Leng, wannan na wa? Ki ƙara. Sai Talata za mu sauko." Na ƙara.

Yanzu ga ni zaune ina tunanin gwiwarsa da hawan nan, da ko ya ɗauki maganin hawan jininsa. Na duba, ya ɗauka. Takalminsa ne ya tsage ta gefe, kuma ya ce a watan gobe ma zai koma. A wajenku ake samun masu kauri na sanyi. Ka aiko masa, lamba takwas, kada ka ce ni na faɗa.

Ka gai da kowa da kowa.

Mahaifiyarka mai ƙaunarka,
Blia Thao