Matan Batsari ba fatalwarka suka gudu ba

Zuwa ga Baturen da ke kula da majigi a Lardin Katsina,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan ka huta gajiyar rangadi. Ni ce malamar ajin mata na Batsari da Safana, wadda ka miƙa wa lasifika ta yi tafinta ranar da ka nuna mana fim ɗin fatalwa, kashi na biyu. An nuna mini rahotonka. Ka ce mutanenmu sun firgita, ba sa bambance hoto da zahiri, saboda haka ka hana mata zuwa majigi. Ga abin da ya faru, tunda ni ina cikin taron, kai kana bayan inji.

Na ɗaya. Mun taru ne a Batsari don fim ɗin lamba, wato rigakafin ciwon agana. Shekara biyu na yi ina bin zaurukan Batsari, har ƙauyen Darini, ina lallashin magidanta kafin su bar matansu su fito. Kai ka ga ya dace ka fara da fim ɗin fatalwar da ka aro a kulob ɗinku na Turawa, wai don ka auna hankalin jama'a. Kashi na ɗaya kuwa ba wanda ya taɓa gani. Ni na karanta littafin da aka ɗauko labarin daga ciki a jami'a, a ƙasarku. Marubucin ya binne mutuminsa a shafin ƙarshe ya huta. Masu fim ne suka tono shi.

Na biyu. Da aka nuno mutane ɗauke da akwatin gawa a kafaɗa, maza suka miƙe tsaye. Haka ake yi a nan in an zo wucewa da makara, ko ta wane ce. Da aka doshi maƙabarta, mata suka ja mayafi suka koma bayan katangar makaranta, domin mace ba ta raka gawa kabari. Suna can suna jiran a ce an gama binnewa su dawo. Wata ma ta bar tabarmarta da ƙwaryar gyaɗa don kada a zaune mata wuri. Kai ka kashe inji, ka zaro littafinka ka rubuta firgici. Gawar Bature aka girmama, Bature ya kasa ganewa.

Na uku. Washegari a Safana maza kaɗai ka bari, suka kalla har ƙarshe. Ka tambaye ni me suke ta cewa, na ce maka sharhi ne, ka rubuta addu'ar neman tsari. Sarkin Fawa ne ke cewa duk wanda aka binne ba wanka, ba likkafani, da kwat da takalmi, dole ya tashi, ai shirin fita aka yi masa. Wani dattijo daga ƙauyen Zakka ya nemi sanin dalilin da matar gidan da ke cikin fim ɗin take bin ƙarar da ta ji ita kaɗai da kyandir, ko garin ba maƙwabta. Da fatalwar ta bayyana, abin da ya dami jama'a shi ne ramarta, har aka yi gardamar ko yunwa ce ta kashe mutumin. Waɗannan ne mutanen da ka ce sun ruɗe.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, fim ɗin agana har yau ba macen da ta gani, masu lamba kuwa suna tafe bayan kaka. Uwa ce ke miƙa hannun ɗa, uwa ce ke ɓoye shi a rumbu. Magidanta kuma sun samu hujja: Bature da kansa ya ce mata ba su da hankalin kallo.

Ina roƙo ka janye rahoton, ka dawo da majigi garuruwan biyu kafin zuwan masu lamba, ka bar mata su zauna inda suka saba. Fatalwar ka mayar wa masu ita.

Na zo ofishinka don in faɗi wannan baki da baki. Ka yaba Turancina, ka ce batun ya fi ƙarfin malamar aji, masinja ya ja ƙofa, na kamo hanyar Safana. Shi ya sa na rubuta a jarida, inda kowa zai karanta.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya hore maka tambaya kafin rubutu.

Wassalam,
Malama Hauwa'u,
Ajin mata, Safana.