Fado, Ba Faɗo Ba

Litinin, 5 ga Mayu, 2025

Innalillahi.

Ana cikin hutun tara, ina ofishin malamai ina duba littattafan 'yan aji biyar, saƙo ya shigo daga yaron nan. Ɗan farina, wanda ya ajiye aikin koyarwa ya tafi Fotugal, yana can Lisbon yana hawa dogayen benaye yana musu fenti. Kalma ɗaya ya rubuta: "fado". A ƙasa kuma ga murya. Na danna, sai mace tana wani irin kuka mai ja, da yaren da ban sani ba.

Yaron da tun yana firamare ban taɓa ganin ya sa wa harafi lanƙwasa ba! Me zan karanta in ba "faɗo" ba? Na ce shi ke nan, ya faɗo daga bene, da sauran numfashinsa ya rubuto, matar nan kuwa kansa take kuka. Wata goma sha ɗaya ban kira shi ba, yau na kira sau tara. Ba a ɗaga ba. Malama Serah, abokiyar aikina, ita ta riƙe ni ta sa ni a Keke Napep har gidana a unguwar Limanti.

Sai la'asar ya kira. Ƙanwarsa Khairiyya ta taso daga gidanta a Lamisula da takalmi wari da wari, ita ta ɗaga. Wai waƙa ce. Wai haka sunan waƙar mutanen can yake, fado. Wai yana bisa aiki, wayar tana cikin jaka. Ya ce a ba ni, na ce ba na karɓa.

Waƙa! Ni zai yi wa haka?

Talata, 6 ga Mayu

Duk makaranta ta ji. Hedimasta ya tare ni da "Malama, ya mai jiki?" yana danne dariya. Ni da na yi shekara ashirin da uku ina koya wa 'ya'yan mutane bambancin "da" da "ɗa".

Alhamis, 8 ga Mayu

Khairiyya ta zo da saƙo. "Umma, Yaya ya ce ki yi haƙuri. Ya ce abin da ke ransa ne ya rasa yadda zai faɗa miki, shi ya sa ya turo waƙar."

Na ce bakinsa ciwo yake?

Ta ce, "Ya ce tun da ya tafi yake rubuto miki, ko amin ba ki taɓa mayar masa ba. In ba kya so, zai daina."

Na ce ya daina mana. Ba da yawuna ya tafi ba. Kuma ɗan fari ne, ko yana gida ba hira muke ba, sunansa ma ba na kamawa. Haka na ga uwata ta yi da yayanmu har ta koma ga Allah, kuma bai taɓa cewa ba ta sonsa ba. Yaran yanzu sai an buɗe baki an ce musu komai.

Lahadi, 11 ga Mayu

Bai rubuto ba. To, ai ni na ce ya daina.

Laraba, 14 ga Mayu

Serah ta matsa sai na kunna mata abin da ya kusa kashe ni. Na kunna don ta ƙyale ni. Da hankalina a jikina yau, sai na ji ashe har da kiɗa a ciki, wani abu kamar garaya amma siririn sauti, yana bin matar a baya yana amsa mata. Muryar tana hawa, ta tsaya can sama kamar za ta tsinke, sannan ta sauko a gajiye.

Serah ta saurara har aka gama. Ta ce, "Malama, wannan ba kukan mutuwa ba ne. Wani take jira."

Na ce ke kuma yaushe kika iya Fotugis?

Ta ce ba sai ta iya ba. Ta duba a wayarta, wai jita ce mai tsirkiya goma sha biyu, wai kalmar fado ma'anarta ƙaddara. Ƙaddara kuma ake yi wa kiɗa? Mu haƙuri aka koya mana a kanta. Ta ce, "Ɗanki Tahir dai ya san wadda ya turo wa." Na ce an kaɗa ƙararrawa, tashi mu je aji.

Asabar, 17 ga Mayu

Zafi kamar a cire fata, wuta babu tun jiya. Da ɗan cajin da ya rage na saurare ta sau uku ina turara burabusko, don kawai in gano me ke ciki. Abin haushi, malamar harshe guda, ko kalma ɗaya ban kama ba. Sai wata da take ta nanatawa, na rubuta yadda kunnena ya ji: sawdad.

Na kira Serah ta duba. "Saudade" ake rubutawa, kuma wai ba ta fassaruwa a wani yare. Na ce ƙarya ne, kewa ce. In ba kewa ba, bege. Amma da na ajiye wayar na yi ta juya abin. Mai kewa so yake ta wuce. Matar nan kuwa riƙe tata take da hannu biyu, ba ta son a raba ta da ita. Ba mu da kalmar, ko kuwa ni ce ban sani ba? Burabuskon ya dahu ya wuce misali, haka na ci.

Juma'a, 23 ga Mayu

Kwana goma sha biyar ba saƙo. Da ina ganin nasa in share, yanzu ina duba wayar kamar mai jiran sakamakon asibiti.

Khairiyya ya tura wa bidiyo, ba ni ba. Ta nuna mini. Wani ɗan gidan abinci ne a ƙasan ɗakin da yake haya. Wata dattijuwa, sa'ata ce ko ta girme ni kaɗan, ta miƙe da baƙin mayafi a kafaɗa, maza biyu na zaune da jita. Tana buɗe baki kowa ya ajiye cokali. Masu kai abinci suka tsaya cak da faranti a hannu, ko tari ba mai yi. Mace da girmanta, a gaban baƙi, ta rufe ido tana zazzage abin da ke cin ranta, kuma ba wanda ya ce mata marar kunya. Na ji haushinta. Na kuma ji ina son ta ci gaba.

Can ƙarshe wayar ta juya, na ga rabin fuskarsa a bakin ƙofa, rigarsa duk fenti. Ya rame.

Khairiyya ta ce, "Ya ce in tana yi ke yake tunawa." Na ce ina muka yi kama, ni ba na ihu a gaban mutane.

Talata, 27 ga Mayu

Na yi wa 'yan aji huɗu tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Daga baya Serah ta ce, "Malama, me kike rerawa ƙasa-ƙasa?" Na ce maƙogwarona ne ke ƙaiƙayi.

Lahadi, 1 ga Yuni

Da hantsi na rubuta masa da hannuna, ba ta bakin Khairiyya ba: "Turo wata." Don kawai in gwada ko duk haka suke.

Maimakon ya turo, sai ya kira. Wayar tana hannuna, to na ɗaga. Shi ya yi ta zuba, aiki, sanyin can, tsadar barkono. Ni dai na ce ya dinga cin abinci. Da zai kashe na ce tsaya. Ya tsaya. Na rasa abin da na tsayar da shi a kai. Sai na ji bakina ya ce, "Gidan ya yi mini girma."

Ƙato da shi, ina jinsa yana jan hanci a ƙasar mutane. Ya ce, "Umma, sake faɗa."

Na ce ba a aji muke ba.

Ya turo guda huɗu. Biyu maza ne ke yi, ba su kama ƙafar dattijuwar nan ba. Zan gaya masa gobe.