Rigata Ta Fito, Fuskata Ba Ta Fito Ba

Daga yayanka Bawa a Ɗan Gulbi zuwa ga ƙanena Idi a Katsina. Gaisuwa da aminci. Ina gajiya, ina iyali, yaya ƙafar uwargida? Ni dai ga ni, ni kaɗai cikin gida, ciwon rawar kan nan kullum ƙaruwa yake.

Bayan haka, wasu fatake biyu Larabawa sun sauka bakin rijiyarmu da akwati mai ƙafa uku da ido ɗaya, wai yana kama surar mutum bisa madubi. Sabon saye ne, koyo suke. Kowa ya watse, ni ba ni da ƙafar gudu, sai suka zaunar da ni gindin gawo, suka ce kada in motsa.

Suka hau gardamar tsawon lokacin da za a bar idon buɗe. Dogon ya ce, "Ƙirga goma ta isa, rana tsaka ce." Gajeren ya ce, "A inuwa? Talatin! Da gomarka ka ɓata mana madubi uku jiya, sarkin gaggawa." Aka ƙirga talatin.

Da suka wanke madubin cikin tanti, rigata ta fito, carbin da ke cinyata ya fito ƙwaya-ƙwaya, amma wurin fuska sai hayaƙi. Suka yi dariya, wai kaina ne ya ƙi tsayawa. Kunnena ya ji, zuciyata ba ta yarda ba. Tun ranar ban leƙa ruwan randa ba.

Idi, ka zo kafin damina. Ina tsoron a wanke ni ba jinina kusa. Ku sa ni cikin addu'a. Ka gaishe da yara duka, har waɗanda ba su san ni ba. Wassalam.