Sunan Yaya Sanusi a Wasan Maciji

Zuwa ga Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da su Ummi. Ya zafin Agadas? Mu nan Jibiya sai godiya, Inna ce dai abinci sai an matsa mata.

Yaya, akwai abin da na kasa faɗa wa kowa. Ƙaramar wayar Yaya Sanusi tana hannuna tun da aka kashe shi a hanyar gonar Farfaru. Kin tuna wasan macijin da ya koya mana? Suna ɗaya wayar take ajiyewa, na wanda ya fi kowa maki, kuma nasa ne. Kullum Inna takan ce, "Bilki, nuna min sunan yaron nan." Shi ya sa in na kusa kamo shi sai in kashe macijin da gangan.

Ranar Talata hankalina ya tafi, na wuce shi. Makinsa ya goge, wayar ta ce in sa suna. Sai na rubuta Sanusi.

Da Inna ta duba sai ta ce, "Kamar lambar ta canza." Na ce idonta ne. Ta miƙo min wayar. Har yau ba ta ƙara cewa in nuna mata ba.

Ban taɓa yi mata ƙarya ba sai wannan karon, Yaya. In gaya mata ko in bari? Ki sa Yaya Sanusi a addu'a, ni ma ki roƙa min gafara. Ki gaida duk mutanen gida.

Ƙanwarki,
Bilkisu